Disket na Tara

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Yake rufa wa bawa asiri har sai bawan ya ga dama ya tona da bakinsa.

Bayan faɗuwar darajar kuɗin sefa da shekara biyu ko uku na yi aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, a Madarumfa, na wani proje da ke koya wa manya karatu. Ɗaki biyu ne da baranda, da bishiyar dogon yaro a tsakar gida. In iska ta taso daga tabki, ƙarnin kifi har kan tebur yake zuwa. Aikina ba mai wuya ba ne. Nakan bi amalanke ko motar kasuwa zuwa ƙauyukan Safo da Gabi, in zauna da tsofaffi, su ba ni tatsuniya da karin magana da labarin kafuwar gari, in rubuta da ajami. In na dawo sai in shimfiɗa tabarma kusa da teburin sakatariya, in karanta mata a hankali, ita kuma ta buga da boko. Daga nan ake yin ƴan littattafan da masu lambu da masunta ke koyon karatu da su.

Sakatariyar nan ɗiyar wani abokina ce da ya riga mu gidan gaskiya. Tana ce mini Baba Malam, ina ce mata ɗiyata. Ita da mahaifiyarta suke zaune, aikin nan ne kuma ke riƙe da gidan. Ita kaɗai ce a biron ta iya na'urar da suke kira ordinater. Direkta ya iya kunna ta, ya kuma iya kashe ta, abin da ke tsakani kuwa ya bar wa sakatariya. Mutumin kirki ne, yana salla kan lokaci, sai dai yana tsoron manyansa na Maraɗi fiye da yadda yake tsoron kunama.

Na'urar akwati ce mai launin toka, da gilashi a kanta kamar talabijin. Injin wuta na bayan gida ne ke ba ta abinci. In an tashi daga aiki a lulluɓe ta da zane, zanen ma ya fi wanda nake rufa da shi kyau. Ban taɓa jin haushin haka ba. Kowa da darajar da Allah Ya ba shi.

Wata ranar Litinin cikin bazara, shofer, direban biron, ya dawo daga Maraɗi da ɗan kwali da takarda. Takardar ta ce a sauya wa na'urar sistem. Na tambayi ɗiyata mene ne sistem, ta ce shi ne hankalinta, shi ke sa ta gane abin da aka umarce ta. Na ce to wanda take da shi ya taɓu ne? Ta ce lafiyarsa lau, an dai yi sabo. Ban ƙara tambaya ba, don na san in an yi sabon abu a birni, ba a tambayar na ƙauye ko ya gaji da tsohon.

Sabon hankalin a cikin disket goma sha uku ya zo. Disket wani ɗan faifai ne siriri da ke ɓoye cikin baƙin gida na roba, bai kai tafin hannu ba. Ana tura su bakin na'urar ɗaya bayan ɗaya, bisa jeri. Wanda ya kwafe su a Maraɗi ya sa musu lamba da fensir, rubutu kamar sawun kiyashi, ɗaya da bakwai ba su da bambanci. Ɗiyata ta ce tana tsoron kada ta rikita su, ta roƙe ni in sake rubuta lambobin da hannuna. Na iya lambobin boko, kuma ban taɓa ƙin a yaba hannuna ba. Na ɗauko kurtu da alƙalami.

Tawadata ta gawayi da ƙaro ce, ni nake haɗa ta. A kan takardar ƙwarai nan da nan take kamawa, amma ƴar takardar da ke manne a jikin disket tana da santsi, sai tawadar ta kwanta a kai tana ƙyalli, ta ƙi bushewa. Na rubuta takwas na farko da hantsi, na jera su a gefen tabarma, suka sha iska a hankali yayin da nake gaisawa da wani baƙo. Kafin in gama sauran biyar rana ta take tsaka, Direkta kuma ya leƙo sau biyu yana tambaya ko an fara. Sai na yi abin da duk wanda ya taɓa rubuta allo yake yi tun yana ɗan shekara bakwai. Na kwashe biyar ɗin na fita tsakar gida, na jera su a kan fallen kwanon da aka rufe tanon ruwa, wato duro, da shi, don rana ta taimaka. Na ɗauki buta na tafi masallaci.

Bayan azahar liman ya tsayar da ni kan wata mas'ala ta gado, muka daɗe. Da na dawo tawada ta bushe ƙayau, lambobi sun fito raɗau. Disket ɗin kuwa sun yi zafi kamar waina daga tanda, sai da na riƙa juya su daga hannu zuwa hannu. Na zuba su a aljihun riga suka huce, na kai wa ɗiyata. Ta duba ta ce, "Hannunka sai kai, Baba Malam." Na ce Allah ne Ya kyauta.

Ban ɓoye komai ba a ranar, domin ban san akwai abin ɓoyewa ba.

Ta yi bisimilla ta tura na ɗaya. Na'urar ta yi gurnani ta haɗiye abin da ke ciki, ta nemi na biyu. Haka muka tafi, wani shuɗin zare a gilashin yana ƙara tsawo kaɗan-kaɗan. Direkta ya tsaya a bayanta ya harɗe hannu. Na takwas ya wuce lafiya. Da aka tura na tara sai gurnanin ya sauya, ya koma kamar akuya na tuƙar leda. Wani rubutu ya fito da Faransanci. Ta fassara mini: na'urar ta ce ba ta iya karanta wannan, a sake gwadawa ko a fasa.

Aka sake gwadawa. Aka fito da shi, Direkta ya hura masa iska, ya goge shi da gefen riga, aka mayar. Aka sake har sau bakwai. Daga baya Direkta ya ce a fasa, a koma wa tsohon, gobe a yi tambaya. Ta danna fasawa, ta kashe, ta kunna. Gilashin ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan farin tsinke a kusurwa yana ƙyafta ido. Tsohon hankali ya tafi, sabo bai iso ba. Na tuna wani maƙwabcina da ya kwance jinkar ɗakinsa kafin ya sami ciyawar sabuwa, ruwan farko kuma ya zo a makon. Ban faɗi wannan a fili ba.

Talata duk a gwaji ta ƙare. Direkta ya ce laifin injin wuta ne, aka sauya masa mai, aka tayar. Tsinke yana nan. Ya ce wayoyi ne, aka zare kowace aka busa aka mayar, ɗaya ma ta ƙi komawa inda ta fito sai da aka juya ta sau uku. Aka kawo fanka aka sa mata a gaba. Aka bar ta ta huta awa biyu. Maigadinmu, wani tsoho daga ƙauyukan bakin tabki da har yanzu yake kan al'adar kakanninsa, ya leƙo ya dube ta da kyau, ya ce shi dai a saninsa ba a sauya wa abu mazauni ba a gaya masa ba. Direkta ya ce ya koma bakin ƙofa. Da yamma kuma shi Direktan ya matso kusa da tabarmata, ya rage murya, ya ce ko zan ɗan tofa mata wani abu. Na ce addu'a ba ta ɓaci, na yi. Amma na gaya masa ya aika a kira mai gyara, don ko ni in jakina ya yi targaɗe, bayan addu'a ina nemo mai ɗori.

Mai gyara ya iso Laraba da hantsi a kan babur, saurayi mai tabarau da ƴar jaka. Ya gaishe ni da ladabi, ya gaida Direkta da Faransanci, ɗiyata kuwa bai gaishe ta ba sai tambayoyi. Ya tura wani disket nasa, na'urar ta ɗan farfaɗo, fararen rubutu suka fito a kan baƙi. Ya gwada na tara, ta yi tuƙar leda. Ya kwance akwatin, ya leƙa ciki, ya daɗe yana kaɗa kai irin na mai maganin da bai gano ciwo ba amma an riga an kawo masa fura. Sannan ya tambaya ko an taɓa sa wa na'urar disket na waje.

An taɓa. Watanni baya wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya kawo nasa, ɗiyata ta buga masa takardar neman canjin wuri, Direkta ya yi faɗa, aka ce ba za a sake ba. Ba a kuma sake ba. Amma mai gyara ya sami abin da yake nema. Ya ce wata cuta ce da ake kira birus, tana shiga ta irin wannan hanya, ta kwanta shiru, sai ranar da aka taɓa ta. Ya ce dole a wanke na'urar tas, duk abin da ke cikinta ya tafi, kuma zai rubuta wa Maraɗi abin da ya gani.

Direkta ya shiga ɗakinsa, ya fito, ya sake shiga. Da ya fito na uku sai ya ce wa ɗiyata shi ba ya da yadda zai yi, Maraɗi za su nemi wanda ya yi laifi, kuma an riga an gargaɗe ta. Ƙarshen wata za ta ajiye aiki. Takardar sallama kuwa dole a buga ta, ba kuma wanda ya iya bugu sai ita. Aka sauko da tsohon keken rubutu daga kan kabad, ta kaɗe shi, ta sa takarda. Yana faɗa tana bugawa. Sau ɗaya ta tsayar da shi, ta ce kalmar da ya faɗa ba ta dace da takardar hukuma ba, ta ba shi wadda ta fi. Ya karɓa ya yi godiya. Aka ajiye takardar a kan teburinsa, aka danne da hatimi, sai gobe in mai gyara ya haɗa da rahotonsa a sa hannu.

Na ba ta haƙuri. Na gaya mata arziki na Allah ne, wanda ya rufe wata ƙofa Shi ke buɗe wata. Na yi magana mai kyau ƙwarai a ranar, har ni kaina na ji daɗinta.

Wajen la'asar mai gyara yana tattara kayansa, zai je ya kwana gidan wani ɗan'uwansa a gari. Direkta ya ɗauki disket ɗin saurayin ya ɗora a bakin taga inda rana ke shigowa. Saurayin ya yi wuf ya ɗauke. Ya ce abin nan ba ya son rana ko kaɗan, faifan da ke ciki ya fi fatar albasa laushi, in ya ji zafi sai ya lanƙwashe, daga waje kuma ba za ka ga komai ba. Ya ce wannan ai kowa ya sani.

Ina riƙe da buta a lokacin. Na tsaya na dubi tanon ruwa da fallen kwanonsa. Sannan na tafi masallaci.

A nan ne ya kamata in ce na dawo da sauri na faɗi gaskiya. Ban dawo ba. Na yi la'asar na wuce gida. A hanya na kafa wa kaina hujjoji masu kyau, don wanda ya yi karatu ba ya rasa hujja. Na ce ai zato ne, zato kuwa zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na ce yaron ya yi karatun abin, ni wane ne. Na ce watakila cutar tana nan, rana kuma tana nan, kowa da nasa. A ƙarƙashin duk wannan akwai abu ɗaya da ban so in duba ba: dattijo mai furfura zai tsaya gaban yara uku ya ce ya shanya hankalin na'ura a kan tano kamar kuɓewa. Maiɗakina ta kawo tuwo, na ci, har na ƙara.

Da asuba bayan salla na buɗe gafaka don in yi bitar wani littafi da nake kwafa, sai na tuna malamina, Allah Ya jiƙansa. In ɗalibi ya kawo masa kwafi mai kuskure, ba ya zagin mai karatu, ba ya kuma zagin fitila. Yakan ce a kawo uwar da aka kwafa daga gare ta a gwama, shafi da shafi, a ga inda ɓarnar ta fara da inda ta tsaya. Inda ta fara, nan za ka san abin da ya sami marubuci a ranar. Na rufe gafaka. Ni na san inda ta fara.

Na riga kowa isa biro ban da maigadi. Da mai gyara ya zo ya zauna zai fara wankin, na ce ya dakata, ɗana, ina da roƙo. Na ce ya tura na uku ya ga ko zai karantu. Ya dubi Direkta, Direkta ya ɗaga kafaɗa. Ya tura, ya karantu. Na ce ya zaɓi duk wanda ya so daga ɗaya zuwa takwas. Ya zaɓi na shida, ya karantu. Na ce to yanzu ya tura na goma, ba zai karantu ba. Bai karantu ba. Na sha ɗaya ma haka. Na sha biyu ya ba ni kunya, ya karantu sarai, sai daga baya na tuna shi ne na gefe, inda inuwar dogon yaro ke fara sauka. Na sha uku ya yi tuƙar leda.

Saurayin ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, duba kake yi?"

"A'a," na ce. "Ni na shanya su."

Na faɗa musu duka, da tawada, da kwano, da mas'alar gado. Ba wanda ya yi dariya, abin da na fi tsoro ke nan, sai na ga rashinta ya fi ciwo. Direkta ya tambaya don me. Na ce don su bushe. Ya buɗe baki zai ƙara wata tambaya, ya ga amsar ta riga ta cika, ya rufe. Mai gyara ya zare ƙarfen bakin na tara ya ɗaga shi wajen haske, ya juya faifan da farce, ya ce lalle ya yi ɗan tudu. Game da birus kuwa ya ce bai ce babu ba, ya dai ce mai yiwuwa ne. Na bar masa wannan, don kowa yana bukatar ƙofar da zai fita.

Na tambaye shi ina uwar. Bai gane ba, sai na ce waɗanda aka kwafo waɗannan daga gare su. Ya ce suna Maraɗi cikin kabad. Na ce to kafin a wanke aikin shekara biyu, a ɗauko uwa mana. Shofer ya tafi, ya dawo kafin azahar. Aka fara daga ɗaya. Ni na koma can ƙarshen baranda na zauna, ba wanda ya ce in matsa, ba kuma wanda ya ce in matso. Daga nan nake jin gurnanin, ina ƙirgawa da tasbaha. Na tara ya wuce. Bayan na sha uku na'urar ta kashe kanta ta kunna, ta yi wani ɗan kiɗa, gilashin ya cika da launi. Ɗiyata ta duba ciki, tatsuniyoyin Safo da na Gabi duk suna nan, ba wadda ta yi ciwon kai.

Direkta ya kafa doka a ranar cewa daga yau Malam ba ya taɓa komai a biro sai takardunsa da butarsa. Na ce doka ta yi daidai. Rahoton da ya tafi Maraɗi ya ce zafin gari ya lalata disket huɗu, wanda kuma ba ƙarya ba ne, an dai rage masa hannu da ƙafa. Takardar sallama ya ɗage hatimi daga kanta ya miƙa wa ɗiyata, ya ce ta yaga.

Da aka watse ta tsaya a bakin baranda tana gyara mayafi. Ba ta dube ni ba.

"Baba Malam, yaushe ka sani?"

Ina iya cewa da asuba, da ba wanda zai ƙaryata ni. Na ce, "Jiya da la'asar."

"Inna ba ta ci tuwo ba jiya," ta ce. Ta yi mini sai da safe kamar kullum, ta tafi.

Washegari na je gidansu na gaida mahaifiyarta, na nemi gafara. Tsohuwar ta ce ba komai, ai ni uba ne. Ɗiyata ma ta ce ba komai. Amma kusan wata guda gaisuwarmu ba ta wuce lafiya lau ba, in na karanta ta buga, in na tsaya ta tsaya, ba ta tambayata yadda tatsuniya za ta ƙare kamar da.

Ranar da zan koma Gabi na duba gafaka na ga takardata ta ƙare. Na faɗa a fili, ba da kowa nake ba. Sai ta ja aljihun tebur ta fito da takardar sallamar, ba ta yaga ba ashe. Ta ce bayanta fari ne, kuma takarda ce mai kyau, tana shan tawada, ba sai an kai ta rana ba. Na karɓa da hannu biyu.

A bayanta na rubuta labarin da wata tsohuwa ta ba ni na kura da masunci. Da na dawo na zauna a tabarma na ɗaga takardar ina karantawa, sai na lura gefen da ke fuskantar ɗiyata shi ne wanda ta buga da hannunta. Na yi niyyar in sauke ta kan gwiwa. Ta ce in ɗaga yadda nake, in kuma rage sauri, ta tambaye ni ko kurar ta sami kifin daga ƙarshe.